Daga Agadas Zuwa Dirku: Sa'a Ɗaya Da Rabi A Sama, Kwanaki A Ƙasa

A wannan watan maƙwabta za mu leƙa, wato arewacin Jamhuriyar Nijar, inda wasu filayen jirgin sama guda biyu suke zaune, ɗaya a wannan gaɓa ta hamadar Tenere, ɗaya a waccan. Na farko yana Agadas, garin da na san ba baƙo ba ne a kunnenki. Na biyu yana Dirku, wani ɗan ƙaramin gari a yankin Kawar, kusa da Bilma, wanda mai yiwuwa ba ki taɓa jin sunansa ba sai dai idan kina da ɗa ko ƙane da ya taɓa kama hanyar Libiya.

Idan aka ja zare miƙe daga filin jirgin Agadas zuwa na Dirku, tsawonsa zai kai kimanin kilomita 560. Don ki gane girman wannan adadi, ki tuna titin Kano zuwa Maiduguri, domin tsawonsu kusan ɗaya ne. Amma a hanyar Maiduguri za ki ratsa Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, ga mai shayi, ga mai tsire, ga gidan mai, ga masallaci a kowane gari, idan yaro ya yi kuka a tsaya a saya masa ruwa. To, ki share duk waɗannan daga ranki, ki ɗauke har kwaltar da bishiyoyin gefen titi, ki bar rairayi da rana kawai. Abin da ya rage shi ne tsakanin Agadas da Dirku.

Daga Kano, mai zuwa Agadas a mota yakan bi ta Daura ya shiga Damagaram, ya wuce Tanut, ya miƙa arewa. Abin da ya fara yi masa maraba shi ne hasumiyar babban masallacin garin, ginin laka mai tsawon mita 27, wadda itatuwa suka tsiro daga jikinta ta ko'ina kamar bushiya. Masallacin ya samo asali tun ƙarni na 16, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Garin Sarkin Abzin ne, amma ba za ki nemi tafinta ba, domin da Hausa ake ciniki a kasuwa. Filin jirgin kuwa a gefen gari yake, ba wata tafiya ba ce. An sa masa sunan Mano Dayak, wani jagoran Abzinawa wanda ya rasu ranar 15 ga Disamba, 1995, lokacin da ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi ya faɗi a duwatsun Abzin. Kafin tawayen 2007, jirage kan taso tun daga Faransa su sauke masu yawon buɗe ido a nan. Daga baya sojojin Amurka suka gina nasu sansanin jiragen marasa matuƙi a kusa, suka fara amfani da shi a 2019, suka tattara nasu ya nasu suka fita a watan Agustan 2024.

Yanzu bari mu yi lissafin tafiyar, kuma lissafi ne da ko ɗanki na firamare zai iya. Matuƙa jirgi ba da kilomita suke awo ba, da mil na teku suke yi, wanda kowane ɗaya yake daidai da kilomita 1.852, don haka a wurinsu wannan tafiya mil 300 ce da ɗan ɗori. Jiragen da ke zuwa irin waɗannan wurare ba manyan da ke kwasar alhazai ba ne, masu farfela ne. Matsakaicin jirgi mai farfela biyu yana cin kimanin kilomita 500 a sa'a guda. Ki raba 560 da 500, za ki samu sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Sai ki ƙara masa kamar minti 15 zuwa 20, saboda jirgi ba ya kai cikakken gudunsa lokacin da yake hawa sama da lokacin da yake gangarowa, ga kuma kewayen da yakan yi kafin ya daidaita da titin sauka. Kin ga an tashi da sa'a ɗaya da rabi, ko ƙasa da haka kaɗan. Idan kuma ƙaramin jirgi ne mai farfela ɗaya, irin Cessna Caravan da ke ɗaukar mutum goma da wani abu, gudunsa bai wuce kilomita 300 da ɗoriya ba, sai tafiyar ta kai sa'a biyu. Wato da za ki ɗora wake a wuta lokacin da jirgin ya ɗaga daga Agadas, kafin ki sauke ki yi miya ya dira a Dirku.

Da Allah zai sa ki samu kujerar taga, mintocin farko za ki ga duwatsun Abzin baƙi ƙirin ta hannun hagu, da busassun ƙoramu masu 'yan itatuwa a bakinsu. Daga nan sai komai ya ɗauke. Tenere ke nan, kuma a harshen Abzinawa kalmar tana nufin wurin da babu kowa babu komai. Wani wuri shimfiɗe yake kamar faifai, wani wuri kuma tuddan rairayi ne a jere. Can ƙasa, a wani wuri da idonki ba zai iya kamawa ba, akwai inda wata bishiya mai ƙaya, 'yar'uwar bagaruwa, ta daɗe tsaye ita kaɗai, har masu zana taswira suka riƙa sa ta kamar gari. Da aka haƙa rijiya a gefenta wajen 1938, sai aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ayari bayan ayari sun wuce ta, babu wanda ya karyi reshenta don hura wuta. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, ita kaɗai a duk wannan fili. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuma an kafa wata ta ƙarfe.

A wannan hamadar ce kuma, kudu da hanyar da jirginki zai bi, jirgin kamfanin UTA na Faransa ya tarwatse ranar 19 ga Satumba, 1989, bayan ya taso daga Njamena zai tafi Paris. Bam aka sa masa, mutum 170 da ke ciki babu wanda ya tsira. A 2007 iyalan mamatan suka je har wurin, suka jera baƙaƙen duwatsu a kan rairayi da siffar jirgi a tsakiyar da'ira, suka kewaye ta da fasassun madubai 170.

To, wannan a sama ke nan. Ki sauko da idonki kan masu bin ƙasa, domin su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Hanyar mota ba ta miƙe kamar ta jirgi, tana kauce wa tuddai tana neman rijiyoyi, don haka takan kai kimanin kilomita 650. Kuma hanya ce a baki kawai, sawun tayoyi ne da iska kan shafe cikin dare ɗaya. Ƙaramar mota ƙirar Hilux, idan direba ya san hanya kuma inji bai ba da matsala ba, galibi kwana biyu take yi. Manyan motocin kaya, waɗanda ake loda wa buhuna da katifu da jarkoki har su ninka faɗinsu, mutane kuma su hau can ƙololuwa, sukan yi kwana uku zuwa biyar. Mota ta kafe a rairayi, kowa ya sauko, a tona, a shimfiɗa ƙarfe ƙarƙashin taya, a tura, a yi gaba kaɗan, ta sake kafewa. Ni a ganina ma'aunin da ya fi nuna bambancin shi ne salla. Mai jirgi zai yi asuba a Agadas ya yi walaha a Dirku. Mai ƙaramar mota zai yi salloli goma a hanya, mai babbar mota ya yi goma sha biyar zuwa ashirin da biyar, mafi yawansu da taimama, domin ruwan da ke jarka na sha ne.

Kafin mota kuwa raƙumi ne, kuma a nan ne labarin ya shigo har madafinki. Idan kin taɓa ganin kantun gishiri a kasuwar Kurmi ko wajen masu sayar da kayan dabbobi, ko kin ji tsofaffi suna ambaton balma, to daga can ƙarshen wannan tafiya ya fito. A Kalala, gefen Bilma, mutane kan haƙa ramuka, ruwan gishiri ya tsattsafo daga ƙasa, rana ta ƙafar da shi, a kwashe. Mai kyan, wanda ake kira beza, shi ne na miya. Sauran a kwaɓa shi a zuba cikin mazubi, ya fito dogo mai tsini kamar turmin da aka kife, mai nauyin kimanin kilo 20, wannan shi ne kantu, na shanu da raƙuma. Bayan damina, wajen watan Oktoba, Abzinawa kan haɗa ayari su ɗauki gero, su ɗaure wa raƙuma ciyawar da za su ci zuwa da dawowa tunda babu ko tsinke a hanya, su ratsa Tenere su ya da zango a Fashi, sannan su ƙarasa Bilma. Tafiyar takan ci kusan mako uku. Ana tafiya tun safe har cikin dare, a kan tafiya ake dafa shayi a miƙa wa juna, jagoran kuma madugu suke ce masa, kamar yadda muke faɗa, yana duban taurari da yadda iska ta kwantar da rairayi. A Kawar su ba da gero su karɓi gishiri da dabino, su dawo Abzin su huta, sannan su gangaro Damargu da ƙasar Hausa. An rubuta cewa ayarin 1906 ya kai raƙuma 20,000. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya ziyarci Agadas a 1850, kuma ayarin gishirin nan ya biyo zuwa kudu kafin ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851. Ki duba fa, geronmu ne yake ciyar da Kawar, gishirinsu ne yake gyara dabbobinmu, an yi ɗaruruwan shekaru a haka. Har yau ana yin ayarin, sai dai ya ragu ƙwarai tunda manyan motoci suka shiga sana'ar.

Idan jirgi ya kusa Dirku, abin da za ki fara gani shi ne wani dogon dutse da ya miƙe daga arewa zuwa kudu, da koren layin itatuwan dabino a gindinsa. Kawar ke nan, jerin garuruwan Barebari da Tubawa: Bilma, wadda ba ta kai kilomita 50 kudu da Dirku ba, da Anay, da Segedin a can arewa. Ruwan sama a nan ba ya kai milimita 20 a shekara, wata shekarar ma ko ɗigo, amma akwai ruwa kusa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa dabino yake yi. Tsohuwar hanyar fatake daga Borno zuwa Fezzan da Turabulus ta nan ta bi. Dirku kanta ba ta da girma, barikin soja ne da kasuwa da gidajen laka, da garejin da masu zuwa Libiya ke jiran mota. Filin jirginta titi ɗaya ne a tsakiyar rairayi. A 2018 jaridar New York Times ta ba da labarin cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta faɗaɗa shi tana tayar da jirage marasa matuƙi daga can.

Sai dai kada sa'a ɗaya da rabin nan ta ruɗe ki, uwargida, domin lokacin da jirgi ke yi a sama daban, lokacin da matafiyi ke ɓatawa daban. Dirku ba Kano ba ce da za ki je ki yanki tikiti ki tashi da yamma. Jiragen da suka saba sauka can na soja ne, da na ma'aikatan agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, da na haya, kuma kujerunsu ba na kowa ba ne. Ko wanda ya samu kujera, yana iya kwana da kwanaki yana jira. Da hunturu, iskar da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda ita ce ke kawo mana hazo har Kano, takan rufe sararin Kawar, matuƙi kuwa ba zai sauka a titin da ba ya gani ba. Da bazara zafi kan haura digiri 40, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, fukafukin jirgi ba sa samun abin dogara sosai, sai ya buƙaci doguwar tsere kafin ya ɗaga. Shi ya sa ake son tashi da sassafe, wani lokaci kuma a rage kaya ko mutane. Ga batun mai. Doka ta wajabta wa matuƙi ya ɗauki man da zai kai shi wani filin dabam idan saukar ta gagara, a Tenere kuwa wani filin yana da nisan gaske, duk litar da aka ƙara kuma nauyin wani ko kayan wani ne aka sauke. Ko siyasa tana da nata rabon: bayan juyin mulkin Yulin 2023, an rufe sararin samaniyar Nijar daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba.

Ke da kika san ɗakin haihuwa, ke za ki fi kowa gane abin da wannan ke nufi. Likitoci sun ce zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin sa'a biyu idan ba a tare shi ba. Bilma tana da asibitinta, amma abin da ya fi ƙarfinsa sai Agadas. Ga mace mai doguwar naƙuda a Kawar, ko yaron da ya ƙone, ko tsohon da ya karye, kilomita 560 ɗin nan sa'a ɗaya da rabi ce idan akwai jirgi a ƙasa kuma sama ta washe, kwana biyu ce a bayan mota idan babu. Duk lokacin da na ji muna ƙorafin nisan asibiti saboda kuɗin Keke Napep, waɗannan matan nake tunawa.

Akwai kuma waɗanda suka fi kusa da mu, wato 'ya'yanmu da ƙannenmu. Shekara da shekaru, duk ranar Litinin motoci kan yi jerin gwano su fita daga Agadas bayan rakiyar soja, su nufi Dirku, daga nan Segedin, Madama, su tsallaka zuwa Gatrun da Sabha a Libiya. Ƙungiyar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙirga fiye da mutum 300,000 da suka bi ta arewacin Nijar zuwa Libiya da Aljeriya a 2016 kaɗai. A bayan Hilux ɗaya akan cusa mutum 20 zuwa 25, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada barci ya kayar da shi, jarkar ruwa an naɗe ta da buhun algarara. A 2015 Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure, aka fara kama direbobi a shekarar da ta biyo baya. Tafiyar ba ta tsaya ba, direbobi suka koma kauce wa rijiyoyi da sananniyar hanya don gudun sojoji, wanda motarsa ta mutu a can kuwa babu mai wucewa ya gan shi. A tsakiyar 2017 mutum 44, mafi yawansu 'yan Nijeriya da Ghana, cikinsu da mata da jarirai, ƙishirwa ta kashe su tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Mutum shida ne suka tsira suka kai labari. Kafin wannan, a watan Oktoban 2013, a ɗaya hanyar da ke zuwa Aljeriya ta Arlit, an tsinci gawa 92, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu. Allah Ya jiƙansu. An soke waccan doka a watan Nuwamban 2023, motoci sun dawo fili, amma soke doka bai ƙara rijiya ko ɗaya a Tenere ba.

Dalilin da ya sa na zauna na yi miki wannan dogon lissafi ke nan. Yaran yanzu da waya a hannu suke zuwa, ya buɗe taswira ya nuna miki ɗigo biyu, ya ce Umma duba, kusa ne, bai fi Kano zuwa Maiduguri ba. Gaskiya ya faɗa, amma nisan jirgi ya nuna miki, shi kuwa ba jirgi zai hau ba. Haka dillalan da ke zuwa neman 'yan mata da sunan aikatau a Libiya, ba za su taɓa gaya miki kwana nawa ake yi a bayan mota ba. Ki tambaye shi, ki kuma sa mahaifinsa ya tambaye shi, lita nawa ta ruwa zai ɗauka, alhali mutum a wannan zafi yana buƙatar lita da yawa a yini, kuma da wuya ya wuce kwana uku babu ruwa. Mota ɗaya ce ko ayari ne, kuma da rakiyar soja za su fita ko ta bayan gari? Direban yana da wayar tauraron ɗan'adam, irin Thuraya? Wayar da ke aljihun yaron za ta daina aiki ba da jimawa ba bayan sun bar Agadas, ba kuma za ta dawo ba sai sun kusa Dirku. Kwanakin da ke tsakani babu wanda zai iya gaya miki inda yake. Kuma Dirku ba ita ce ƙarshe ba, daga can zuwa Sabha akwai wata tafiyar da ta fi wadda ya baro tsawo.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.